Mutumin Da Ya Ƙi Cewa Lafiya Lau

Ku matso kusa, ku da kuka san Zangon Kwatano da ku da labarinsa kawai kuke ji. Akwai maganar da ta tokare mini maƙogwaro tun ranar da aka fita da gawar surukina, in kuwa ban fitar da ita ba tuwo ba zai wuce ba. Ba zan kama sunansa ba. Uban mijina ne, ban taɓa faɗin sunan nan yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ba. Baba muke ce masa, daga mu har jikoki har baƙin da ke sauka gidansa.

Ni ba mai fita ba ce, amma Allah ya yi ni da kunne, kuma madafinmu bango ɗaya ne da zaure. Duk abin da masu ta'aziyya suka faɗa a kwanakin nan, ina gindin murhu ya same ni. A kan benci suka zauna, ƙafafu a ɗage, don tabarma ba ta shimfiɗuwa a zaurenmu da damina. Wannan ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Wancan ya ce ba shi da abokin faɗa. Wani dattijo, wanda na san muryarsa kamar yunwar cikina, ya ce shi dai bai taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba. Da na kai wa Inna, uwar mijina, wannan magana a ɗakin da take takaba, sai ta yi tsaki mai tsawo ta ce, “Ashe da wani mutum daban na zauna duk shekarun nan.”

Tsohuwar nan mai kokon bakin masallaci ce kaɗai ta yi gaskiya, ita ma bakinta ne ya suɓuce. Ta shigo ɗakin Inna tana share hawaye ta ce Allah ya jiƙan Kamarad, sai ta yi maza ta toshe baki da mayafi. Sunan nan zagi ne, kowa a Zango ya san zagi ne, kuma waɗanda suka raɗa masa shi su ne a zaure suna yabon haƙurinsa.

To, ni ban yarda a binne shi sau biyu ba, ɗaya a maƙabarta ɗaya a bakin mutane. Baba yana da abokan faɗa, unguwa guda. Ya ɗaga murya, har lasifika aka ba shi.

Sana'arsa saukar da baƙi. Fataken shanu daga Paraku, daga Malanbil, daga Gaya da Doso, in sun iso Kwatano gidansa suke sauka, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsaya musu wajen ciniki a kara, wato kasuwar shanu. Karar kuwa nan take cikin unguwa, bayan gidajenmu, kukan shanu shi ke tashe mu da asuba. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ne babban dillali a wurin. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, tare suka zo daga arewa suna samari, kwano ɗaya suke ci kullum da rana.

Baba yana da wata ɗabi'a da ke ba baƙi mamaki. Kun san mu da gaisuwa: ko mutum yana ɗauke da hanjinsa a hannu, in ka ce ina gajiya, zai ce ba gajiya. To, in baƙo ya sauka ya gama jera lafiya lau ɗinsa, Baba sai ya gyara zama ya ce, “To, mun gama ta malamai. Yanzu ina ke ciwo?” Ba ya barin mutum sai ya faɗa. Wani ƙafa ce ta kumbura a hanya, wani saniya ce ta mutu masa kuma ba tasa ba ce, wani ya baro mata da tsohon ciki. Yakan ce baƙon da ya ɓoye ƙishirwarsa, mai gida ya zaga. Ni ma haka ya yi mini da aka kawo ni amarya, sai dai ta bakin Inna, don tsakanina da shi akwai kunya. Ya aiko ta ta tambaye ni abin da ba na so a gidan. Na ce babu. Ya sake aiko ta. Da ta dawo karo na gaba na ce man ja ne ba na iya ci. Tun daga ranar, duk sanda fatake suka zo da man shanu, ƙwarya ɗaya tana tsayawa a ƙofar ɗakina, ba a taɓa ce mini ga wanda ya ajiye ba.

Wanda bai yi damina a Zango ba ba zai gane sauran labarin ba. Kwatano yashi ne shimfiɗe, ruwa ba shi da inda zai gangara. In sama ta zubo, titinmu sai ya koma tafki, ya gauraya da kashin shanu da abin da shadda ta amayar, ya shigo tsakar gida ya kwanta kamar ya biya haya. Sauro ya yi gari. Yara su yi ta zawo. Baba, da zarar ruwa ya ɗauke, yakan naɗe wando ya fita da duwatsu da guntayen katako yana jerawa, don matan da za su kasuwar Tokpa da kaya a ka su sami wurin taka ƙafa. Dattawa 'yan'uwansa suna rumfa suna kallonsa, suna cewa Alhaji bai san girmansa ba.

A irin wannan ruwa naƙudar farina ta tashi, da hantsi. Abin ya ƙi, ungozoma ta ce sai asibiti. Maigidana ya samo mota, direba ya tsaya can bakin kwalta ya ce ko uwarsa ce ba zai shigo ba. A amalanken mai sayar da ruwa aka ɗora ni, aka rufa mini zane, maza suna turawa ƙafa tana nutsewa. Kafin mu kai kwalta abin da zai faru ya faru. Mace ce. Ba ta yi kuka ba. Mutane suka ce kwananta ne bai zo da yawa ba, na ce haka ne, don haka ake cewa.

Wannan duk zamanin juyin-juya-hali ne, lokacin da aka ce babu ranka ya daɗe, kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, daga mai gadi har minista. Aka ajiye masu unguwanni gefe aka naɗa delege, wato wakilin unguwa. Namu ɗan nan Zango ne, ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci da Fon, yaren 'yan ƙasa, ba mugun mutum ba ne, sai dai ya fi tsoron dattawanmu a kan gwamnati. Wata rana ya bi gida gida yana shela cewa shugaban distirik, wato gundumarmu, zai zo da mutanensa, za a tsara abin da za a yi wa kowace unguwa a shekarun da ke tafe: ruwan famfo ne, asibitin haihuwa ne, hanya ce, kasuwa ce. Kowace unguwa ta faɗi abin da ta rasa da bakinta, a gaban jama'a. Ya ce har mata dole su fito, shi ya sa ma na je.

A filin lakwal aka yi taron, mu mata muna baya. Aka ɗaga hannu aka yi kirarin da ake yi, dattawanmu suna ɗaga nasu kamar masu korar ƙuda. Mutanen makwabtan unguwanni suka fara. Ni ban ji yarensu sosai ba, amma na ga yadda suke yi: wata mata ta miƙe da ɗanta a baya tana nuna shugaban da yatsa, tana zuba kamar kanya, ana rubutawa. Wani ya nemi famfo, wani ya nemi a ƙara aji, wani ya nemi rumfunan kasuwa. Ba wanda ya ji kunya.

Da aka zo kan Zango, Baffa aka tura, shi ne mai bakin. Ya miƙe cikin babbar rigarsa, ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma da ta riƙe baƙi da amana, ya ce mu mutanen Zango ba mu da wata damuwa, alhamdu lillahi, sai godiya. Delege ya fassara maganar. Shugaban ya ɗago kai, ya sa a sake tambaya, ko dai ba a fahimta ba. Babu abin da kuka rasa? Dattawa suka amsa baki ɗaya, lafiya lau. Ƙafafunsu kuwa duk taɓo ne har idon sawu.

Kada ku ce wauta ce zalla, ina so in yi musu adalci ko da su ba su yi wa Baba ba. A wurinmu mutum mai mutunci ba ya faɗin rashinsa a bainar jama'a, balle gaban waɗanda ba nasa ba. Na biyu, da yawa a cikinmu takardunsu ba su cika ba, gani suke in ka roƙi gwamnati ta san da zamanka. Na uku kuwa shi ne ciwon Zango na asali: mutum ya yi furfura a nan, ya aurar da 'ya'ya a nan, amma in ka tambaye shi sai ya ce baɗi zai koma gida. Ya gina soro a garinsu jemagu suna kwana, shi yana nan cikin ruwa. Wa zai gyara masaukin da zai bari gobe?

Shugaban ya ɗaga kafaɗa, mai rubutu zai juya shafi, sai na ga Baba ya miƙe. Bai nemi izini ba. Ya taka har gaba ya miƙa hannu, delege ya rasa yadda zai yi ya ba shi lasifika.

Ya ce, “Ƙanina ya gaishe ku, gaisuwa kuwa ba amsa ba ce. Ku dubi ƙafafunmu. Muna kwana cikin ruwan shadda, muna alwala a kan bulo. Jikata ta mutu a kan amalanke tsakanin ƙofar gidana da kwalta, uwarta tana nan zaune. Muna son hanyar ruwa. Mu ba baƙi ba ne. Inda ka binne naka, nan ne garinku.”

Ya juya ga delege ya ce ya faɗa musu duka, in ya rage kalma ɗaya Allah yana gani.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Matan da ke kusa da ni duk suka waiwayo. Mutumin da ko ido ba ma haɗawa, wanda in zai wuce ta tsakar gida sai ya yi gyaran murya in kauce, shi ne ya ɗauko maganar haihuwata ya shanya a filin lakwal. Amma a ƙarƙashin kunyar nan akwai wani abu da ya kwance mini a ƙirji. Tun da abin ya faru, shi ne mutum na farko da bai ce kwananta ne ya ƙare ba.

Daga filin nan aka fara. Kafin la'asar magana ta zaga: ya tona wa Zango asiri, ya mai da mu maroƙa a gaban 'yan ƙasa, ya ƙaryata ɗan'uwansa a bainar jama'a. Wani ya ce tun da ya iya surutu a lasifika kamar su, ai ya zama nasu. Sunan Kamarad ya bi shi. In ya doso rumfa sai wani ya ɗaga hannu a dunƙule, a fashe da dariya. Da rana aka kai kwanonsu zaure kamar kullum, Baffa bai zo ba. Kwanon ya dawo mini rabi ba a taɓa ba, Baba ya ci gefensa ya bar gefen ƙaninsa, har da tsokar da ke kai. Haka ya riƙa dawowa.

Inna ta yi masa faɗa a ɗaki, ni ina jiyowa. Ta ce ko ba komai ai sai ya bi shugaban ofis ya faɗa masa a kunne, kamar yadda manya ke yi. Ya ce ofis na masu takalmi ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce to ga shi ya yi wankan, unguwa tana kallon cibinsa. Ya yi dariya ya ce cibin dai nasa ne.

Bayan wani lokaci wasu mutane suka zo da farar mota, da dogayen takalman roba, suka zaga unguwa suna aune-aune suna toshe hanci. Baba ya bi su duk inda suka sa ƙafa, yana murna kamar an yi masa bushara. Ba a daɗe ba delege ya tara mutane a ƙofar masallaci ya faɗi abin da aka tsara wa Zango. Abu biyu ne. Za a gina kanibo, wato babban lambatun siminti, daga tsakiyar unguwa har ya haɗu da na bakin kwalta. Hukuma za ta kawo siminti da ƙarfe da magina, mutanen unguwa su yi haƙa da hannunsu ranakun Asabar, kamar yadda ake aikin gayya a ko'ina lokacin. Na biyu, shanu ba za su ƙara zama cikin gari ba. Za a ta da kara a kai ta bayan gari, ta hanyar Kalabi, inda aka ce za a yi mata shinge da rijiya da wurin lodi, kasuwa ta zamani wadda za ta ciyar da ƙasa gaba.

Ranar ce Baffa ya tako gidanmu, bai zauna ba. Daga tsaye ya ce, “Yaya, ka gani? Da ka yi shiru da ba su zo sun shinshina mu ba. Ka roƙi lambatu, ka sayar da kara.”

Baba ya ce, “Na roƙi abin da ya kamata. In sun haɗa da abin da bai kamata ba, mu koma mu faɗa musu, ni da kai.”

“In sake tsayawa gabansu ka ƙaryata ni?”

“Ka faɗi gaskiya, ka ga ko zan ƙaryata ka.”

Baffa ya kaɗe riga ya fita. Bai je ba, ba kuma wanda ya je. Baba kaɗai ya yi ta sintiri distirik da delege a gaba, yana cewa a bar kara sai an gama gina sabuwar. Aka ce masa tsari tsari ne, an riga an aika sama.

Yanzu ku ji inda raina yake ɓaci. A cikin abu biyun nan, wanne aka fara? Wanda ba ya cin ko buhun siminti ɗaya. Sojoji suka zo da safe aka kora shanu. Can inda aka kai su kuwa babu shinge, babu rijiya, fili ne da ciyawa da allo mai rubutu. Fatake suka ga ba za su kwana Zango dukiyarsu tana daji ba, suka koma kwana kusa da dabbobinsu. Ɗakunan baƙinmu suka zama na kaji. Masu tuwo, masu shayi, masu wankin kaya, masu sayar da igiya, duk wanda ke ci daga kara ya ji a jikinsa. Waɗanda ke cewa Baba ya ci wani abu a wurin gwamnati, su zo su ga abin da ya ci. Shi ya fi kowa asara, shi da ya rayu da saukar baƙi.

Siminti kuwa ya zo, wannan ba zan yi musu ƙarya ba. Aka jibge shi a wani ɗaki a lakwal, aka ja igiya aka kafa turaku daga ƙofar gidanmu zuwa kwalta. Asabar ta farko Baba ya fito da diga da shebur bayan sallar asuba. Maigidana ya bi shi, da ƙannensa, da delege, da wasu almajiran tela da maigidansu ya turo. Shi ke nan. Unguwa mai maza kamar ƙasa. Wasu suka ce su 'yan kasuwa ne, ba leburori ba. Wasu suka ce wanda ya roƙa shi zai haƙa. Suka zauna a rumfa suna shan shayi, suna kallon tsoho mai furfura cikin rami. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Kamarad, a yi a hankali, kada a haƙa har Masko.” Baba ya ɗago ya share gumi ya ce in ya kai can zai gaya musu Zango lafiya lau.

Mu mata mun yi abin da za mu iya. Mai kokon nan takan aiko da koko, ni in dafa wake, wasu su kwashi yashi da kwano in mazansu ba sa nan. Wata maƙwabciyarmu mijinta ya gan ta da kwanon yashi, ranar a gidan yayarta ta kwana. Daga nan mata suka ja jiki.

Haka aka yi ta yi, Asabar bayan Asabar, har aka haƙa daga ƙofarmu zuwa kwanar tela, magina suka zo suka zuba wa wannan guntun siminti. Ya yi kyau, har yara suna tsere a ciki. Sai aka canja shugaban distirik. Sabon ya zo ya duba ya ce unguwar da ba ta fito aiki ba ba ta shirya ba, kayan gwamnati kuma ba za su zauna suna daskarewa ba. Mota ta zo ta kwashe simintin aka kai unguwar Santarita, inda aka ce mutane sun fito har da ganguna. Baba yana tsaye a ƙofar lakwal ana lodi. Delege ya ce sai da mota ta tashi Baba ya ce, “Allah ya sa ya yi musu amfani. Su sun faɗi inda ke musu ciwo.”

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina jin haushin waɗanda suka zauna a ofis suka ga korar shanu ta fi gina rijiya sauƙi, suka kira wannan ci gaba. Amma su ba su san mu ba, ba su taɓa cin tuwon gidanmu ba. Waɗanda suka ci, su ne suka bar shi cikin rami shi kaɗai don su koya masa hankali, suka gwammace 'ya'yansu su ci gaba da kwana cikin ruwa da a ce maganarsa ta yi amfani. Da simintin ya tafi har murna wasu suka yi, wai Allah ya kunyata Kamarad. Wa aka kunyata? Ruwan ɗakin wa ya fasa shiga?

Bai daina ba, ko da ƙarfi ya tafi. Duk damina yakan fita ya kwashe sharar da ta toshe guntun lambatunsa, da wani dogon ƙarfe da ya lanƙwasa wa baki. Ko da ƙafa ta fara kumbura, sai a fitar masa da kujera ya zauna yana nuna wa jikoki inda za su tsokana. Baffa yakan wuce ta nan zuwa masallaci, ya yi sallama kamar ga baƙo, Baba ya amsa ya bi shi da ido. Da ciwo ya kwantar da shi, Baffa ya zo dubiya cikin jama'a, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, Yaya, ya jiki? Duk muka zaci zai ce da sauƙi. Ya ce, “Babu sauƙi, ƙanina. Ƙirji ne, kuma tafiya ce. Zauna.” Baffa ya zauna. Aka kawo kwano ɗaya. Baba ba ya iya haɗiya, amma ya sa hannu don ɗan'uwansa ya ci. Ba su yi maganar kara ba, ba su yi ta lambatu ba.

Ya cika da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Mu mata ba ma bin gawa, daga bakin zaure na leƙa. Aka fito da makara, Baffa yana gaba ya sa kafaɗa. Daga ƙofarmu zuwa kwanar tela ƙasa a tsane take, suka yi tafiyarsu da natsuwa kamar yadda ya dace da mamaci. Suna kaiwa kwanar suka faɗa ruwa har gwiwa. Na ga manyan riguna suna iyo, na ga makara tana tangaɗi, wani yana cewa a riƙe, a riƙe. Duk wanda ya yi dariya a rumfa, ranar ya auna da ƙafarsa inda aikin Baba ya tsaya. Suka dawo suka zauna a bencinmu, riguna suna ɗiga, suna cewa ba shi da abokin faɗa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, delege ya yi gyaran murya. Shi ma ya fara furfura yanzu. Ya nemi afuwa ya ce ba wurin maganar ba ne, amma ba zai sake samun dattawa a haɗe haka ba. Wai an ce za a yi sabon tsari, wancan ya ƙare. Shugaban distirik zai zo filin lakwal Asabar ta sama, kowace unguwa ta faɗi abin da ta rasa. Sai muryar dattijon nan da na sani ta ce, to, Allah ya kai mu, mu dai alhamdu lillahi. Wasu suka ce haka ne. Na kasa kunne in ji ta Baffa, ban ji ba. Da mutane suka watse ya leƙo ya tambayi maigidana ina ƙarfen nan mai lanƙwasa da Yaya ke sharar lambatu da shi. Aka nuna masa. Ya ɗauka ya jujjuya shi, ya mayar inda yake, ya tafi. Ban san abin da ke ransa ba, ba kuma zan yi masa shaidar da bai nema ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, ya ba shi masaukin da ya fi wanda ya ba baƙinsa. Ni dai zan je filin nan, ko da a baya za a zaunar da ni, inda murya ba ta kaiwa gaba. Inna ta ce da ba don takaba ba da da sanda za ta je. Amma lasifika a hannun na gaba take tsayawa, kuma wanda ya saba karɓarta ba tare da izini ba yana kwance.

Saura kai da ka zauna a bencinmu ka ce mutumin kirki ne, rigarka ba ta gama bushewa ba. Ran Asabar, in aka miƙo maka lasifika aka ce me Zango ya rasa, me za ka ce?